Biyopelet: Abin da ya kamata mai tankin murjani ya sani kafin ya zaɓa

Duk mai ajiye tankin ruwan gishiri mai kifi da murjani, a gida ne ko a otal ko a ofis, ko ba daɗe ko ba jima zai yi karo da abubuwa biyu da ido ba ya gani: nitiret da fosfet. Su ne ragowar abincin da aka zuba wa kifi da kashin da kifin ya yi. Idan suka taru, gansakuka takan rufe duwatsu, murjani ya dusashe ya koma ruwan ƙasa, girmansa ya tsaya. Daga cikin dabarun rage su akwai biyopelet, wasu ƙananan ƙwayoyin roba mai ruɓewa, kusan girman ƙwayar dawa, waɗanda suka yaɗu a tsakanin masu wannan kiwo tun daga ƙarshen shekarun 2000.

Dabarar tana aiki, sai dai akwai abin da ake yawan mantawa. Biyopelet shi kaɗai ba ya cire komai daga ruwa. Abinci ne da ake ba bakteriya, su kuma su haɗiye nitiret da fosfet su hayayyafa, sannan wata na'ura ta kwashe su daga tankin. Don haka wanda ya zaɓi biyopelet ya ɗauki nauyin abubuwa uku tare da shi: gwajin ruwa a kai a kai, da na'urar kumfa mai ƙarfi, da wutar lantarki wadda ba ta yawan yankewa. Idan ɗaya daga cikinsu ta gaza, kifi da murjanin da aka yi shekaru ana reno suna iya mutuwa a dare ɗaya.

Daga ina nitiret da fosfet suke fitowa?

Manomi ya san waɗannan sinadarai ko da bai san sunansu ba, domin su ne N da P da ake rubutawa a buhun takin zamani na NPK. Abin da ke sa gero ya yi kore a gona shi ne ke sa gansakuka ta yi toho a tanki.

Kifi yana fitar da amoniya ta matsefatansa, abincin da ba a cinye ba shi ma ya ruɓe ya ƙara ta. Amoniya guba ce, amma wasu bakteriya da ke zaune a jikin duwatsu da yashi suna mayar da ita nitirit, wasu kuma su mayar da nitirit ɗin nitiret. A nan aikin yake tsayawa a yawancin tankuna, nitiret ya yi ta taruwa. Shi kuwa fosfet yawancinsa daga abincin kifi yake shigowa. Wani ɓangarensa yana manne wa duwatsun farar ƙasa da yashin tanki, ya riƙa dawowa cikin ruwa sannu a hankali tsawon watanni.

Hanya ta uku ita ce ruwan da ake zubawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar nitiret a ruwan sha a miligiram 50 cikin lita ɗaya. Ma'ana, ruwan famfo ko na rijiyar burtsatse yana iya zama halal ga sha amma yana ɗauke da ninki biyar ko goma na abin da tankin murjani yake so, musamman inda rijiya take kusa da masai ko gonar da ake zuba wa taki. Shi ya sa masu wannan kiwo suke tace ruwansu da matatar osmos, wadda a shagunan Faransa ake kira osmoseur, kafin su haɗa shi da gishirin teku.

Me ya sa murjani yake damuwa da su?

Murjani dabba ce, ko da yake kamarsa ta fi kusa da ta dutse ko tsiro. Jan murjanin da ake yin tsakiya da sarƙar wuya da shi a ƙasar Hausa ɗan uwansa ne daga Bahar Rum. Wanda ake kiwo a tanki na tekuna masu ɗumi ne, irin na gaɓar Sudan a Bahar Maliya, inda Sanganeb da Dungonab suka shiga jerin kayan tarihin duniya na UNESCO a 2016. A gaɓar Afirka ta Yamma babu manyan tuddan murjani, saboda laka da ruwan daɗi da koguna suke kwararawa, da kuma ruwan sanyi da ke tasowa daga ƙasan teku a wasu watanni. Kusan duk murjanin da ke tankin wani a Kwatano ko Duwala ko Yamai ta jirgin sama ya zo, kuma mai ƙashin dutse yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, sai da takardar izini ake ƙetare iyaka da shi. Asararsa ba ƙaramar asara ba ce.

A cikin naman murjani akwai wata ƙaramar gansakuka mai suna zuzantela, wadda take amfani da haske ta yi masa abinci. Idan nitiret ya yi yawa sai zuzantela ta ƙaru fiye da kima, launinta na ruwan ƙasa ya rufe shuɗi da kore da ja na murjanin. Fosfet mai yawa kuma yana kawo cikas ga ginin ƙashinsa. Amma rashin su gaba ɗaya shi ma cuta ne. Binciken da Jörg Wiedenmann da abokan aikinsa na Jami'ar Southampton a Ingila suka wallafa a 2013 ya nuna cewa murjanin da ya samu naitirojin mai yawa amma ya rasa fosfet ya fi saurin yin fari idan zafi da haske suka tsananta.

Don haka sifili ba shi ne abin nema ba. Yawancin masu kiwo suna ƙoƙarin riƙe nitiret tsakanin miligiram 2 zuwa 10 a lita, fosfet kuma tsakanin 0.03 zuwa 0.1. Murjani mai ƙananan baki da rassa, irin su Acropora da Montipora, ya fi son ƙasan wannan ma'auni. Murjani mai laushi da mai manyan baki ya fi jure samansa, sau da yawa ma ya fi ƙiba a can.

Mene ne biyopelet?

Yawancin biyopelet ana yin sa ne da wani rukunin roba da ake kira PHA. Bakteriya ne suke ƙera wannan roba a cikin jikinsu su ajiye ta a matsayin guzuri, kamar yadda raƙumi yake tara kitse a tozo. Wani masani Bafaranshe na Cibiyar Pasteur, Maurice Lemoigne, shi ya fara gano nau'inta na farko, PHB, a tsakiyar shekarun 1920 a cikin bakteriyar Bacillus megaterium. Tun da guzurin bakteriya ce tun asali, bakteriyar ruwa suna iya cinye ta. Wasu kamfanoni kuma suna amfani da PCL, roba ce da ake haɗawa a masana'anta amma ita ma tana ruɓewa. Masu binciken tace ruwa da kiwon kifi sun gwada irin waɗannan robobi wajen rage nitiret tun kafin su shigo kasuwar masu tankin ado.

Dalilin da ya sa ake buƙatarsu shi ne, bakteriyar da ke cin nitiret da fosfet suna buƙatar abu na uku, wato kabon da za su iya narkarwa, kuma shi ne yake ƙaranci a ruwan tanki. Kafin zuwan biyopelet, ana ba su wannan kabon ne ta hanyar ɗiga barasar vodka ko sukari ko khal a ruwa kowace rana. Biyopelet ya mayar da kabon ɗin daskararre, ya kuma tsare yawancin bakteriyar a wuri guda.

Wurin nan shi ne riyakta, wani bututu na roba mai gani har hanji, wanda ƙaramin famfo yake tura ruwa ta ƙasansa ya fita ta sama. Ruwan yana sa ƙwayoyin su riƙa juyawa. Bakteriya suna yin shimfiɗa mai yauƙi a jikin kowace ƙwaya, gogayyar ƙwayoyin da juna kuma tana kankare wannan shimfiɗa ta bi ruwa ta fita. Daga nan sai aikin na'urar kumfa, wadda ake kira écumeur da Faransanci. Tana hura ƙananan kumfar iska cikin ruwa, datti da bakteriya su manne musu, kumfar ta hau ta zube a kofi. Baƙin ruwa mai wari da ake zubarwa daga wannan kofi, shi ne nitiret da fosfet ɗin da suka bar tanki. Idan babu na'urar kumfa, ko kuma ƙarama ce, bakteriyar za su mutu a cikin tanki su mayar da abin da suka ci.

Lissafin da ke nuna ko zai yi aiki

A 1934 wani masanin teku Ba'amurke, Alfred Redfield, ya lura cewa ƙananan halittun teku suna ɗauke da naitirojin da fosforas a kan wani ma'auni da ba ya cika canzawa. Lissafin da ya shahara da sunansa shi ne kabon 106, naitirojin 16, fosforas 1. Idan aka mayar da shi nauyin da kayan gwaji suke nunawa, yana kusa da miligiram 10 na nitiret ga miligiram 1 na fosfet. Bakteriyar riyakta ba sa bin wannan lissafi daidai wa daida, amma yana koyar da abu guda mai muhimmanci: suna cin biyun tare, kuma idan ɗaya ya ƙare, cin ɗayan ma ya tsaya.

A ɗauki tanki mai nitiret 1 da fosfet 0.5. Bakteriya za su cinye nitiret ɗin cikin ɗan lokaci, su rage fosfet da kusan 0.1 kawai, su tsaya. An bar tanki babu nitiret ga fosfet mai yawa, yanayin da siyanobakteriya, wata jar shimfiɗa mai yauƙi, take so. Ƙara biyopelet a nan ba zai taimaka ba. Abin da ake buƙata shi ne garin baƙin ƙarfe mai tsotse fosfet, wanda ake sayarwa da sunan GFO.

A ɗauki wani tankin mai nitiret 30 da fosfet 0.02. A nan fosfet ne zai riga ƙarewa, nitiret ya tsaya a sama, murjani kuma ya shiga irin halin da binciken Southampton ya bayyana. Idan akwai GFO a irin wannan tanki, cire shi ake fara yi.

Tankin da biyopelet ya fi dacewa da shi shi ne wanda duka biyun suke sama: nitiret ya haura 15 ko 20, fosfet ya haura 0.1, kifi suna da yawa, ana ciyar da su sosai, kuma canjin ruwa ya kasa riƙe ma'aunin. A aikace nitiret yakan riga fosfet sauka, domin duwatsu suna ci gaba da sakin fosfet ɗin da suka tara.

Wanda bai kamata ya saya ba

Sabon tankin da bai kai wata shida ba bai kamata a sa masa biyopelet ba, domin bakteriyarsa ba su gama zama ba. Haka ƙaramin tanki marar na'urar kumfa, wanda canjin ruwa na mako-mako ya ishe shi. Tankin da nitiret ɗinsa yake ƙasa da 5 ba shi da matsalar da biyopelet zai warware. Wanda yake noman gansakukar Chaetomorpha a ƙaramin tankin ƙasa domin ta tsotse datti ya sani cewa bakteriyar riyakta za su yi gasar abinci da ita, kuma sau da yawa ita ce take mutuwa.

Akwai kuma tarko ɗaya. Tanki yana iya cika da gansakuka amma gwaji ya nuna sifili, saboda gansakukar tana shanye sinadaran da zarar sun fito. A irin wannan hali a fara cire ta da hannu, a rage abinci, a sake gwaji bayan kwanaki, kafin a yanke shawara.

Abin dubawa wajen saye

Kamfanoni da dama suna yin biyopelet, daga ciki akwai Tropic Marin na Jamus da Two Little Fishies na Amurka. Bambancin da ke tsakanin suna da suna bai kai wanda ke tsakanin waɗannan abubuwa ba:

- Abin da aka yi shi da shi. A nemi wanda kamfani ya bayyana robarsa a jikin kwali, PHA ce ko PCL. Wanda aka gauraya da sitaci ko wani cikon da ba a faɗa ba yakan narke da sauri, ya dunƙule, ya gurɓata ruwa. PCL tana laushi a zafin digiri 60, PHB kuwa sai ta haura digiri 170, don haka ƴan ƙwayoyi a kofin ruwan zafi suna iya nuna ko wacce ce. Saboda wannan dalili kuma ba a barin kwalin PCL a cikin mota a rana.
- Siffa. Ƙwayoyi masu zagaye ko masu siffar ƙwai sun fi juyawa cikin sauƙi. Waɗanda aka yanka kamar gutsuren taliya sun fi saurin maƙalewa da juna.
- Girma. Ƙananan ƙwayoyi suna da faɗin jiki mai yawa ga bakteriya, suna aiki da ƙarfi, amma suna saurin toshe raga ko su tsere cikin tanki. Manya sun fi jinkiri, sun fi sauƙin sarrafawa, kuma su suka fi dacewa da mai farawa.
- Nauyi. Ƙwaya mai nauyi tana buƙatar famfo mai ƙarfi. A daidaita ta da riyaktar da ake da ita.
- Haɗe da maganin fosfet ko zalla. Akwai nau'in da aka cuɗa da sinadarin baƙin ƙarfe domin ya rage fosfet a lokaci guda. Yana da amfani ga tanki mai fosfet da yawa, amma ba ya barin mutum ya sarrafa kowane sinadari daban. Zalla tare da GFO a gefe ya fi ba da iko.

Ƙwayoyin robar masana'anta da ake sayarwa da buhu don yin bokiti da kujera ba su da alaƙa da wannan aiki, ko da sun yi kama. Bakteriya ba sa cin su.

Zaɓin riyakta ya kai zaɓin ƙwayoyin muhimmanci. Wadda aka yi domin biyopelet tana da gindi mai siffar mazurari, don kada ƙwayoyi su kwanta a lungu, kuma raga ce a bakinta maimakon soso, domin yauƙin bakteriya yana toshe soso cikin kwanaki. Mafi kyau ita ce wadda take da famfon juyi na kanta, da wata ƙofa daban ta shigar ruwan tanki. Da ita ana iya rage yawan ruwan da ake tacewa ba tare da an tsayar da juyin ƙwayoyin ba.

Abu na ƙarshe a jerin saye shi ne kayan gwaji. Fosfet ƙasa da 0.1 yana da wuyar karantawa da ido a kwalbar launi, shi ya sa da yawa suke amfani da ƙaramar na'urar karanta launi irin ta Hanna. Magungunan gwaji suna lalacewa da zafi da daɗewa. A duba ranar ƙarewarsu, a ajiye su a wuri mai sanyi.

Yadda ake farawa

Shawarar kamfanoni ta bambanta, amma yawanci tana tsakanin mililita 50 zuwa 200 ga kowace lita 100 ta ruwa. Ana lissafi ne da ainihin ruwan da ke ciki bayan an cire wurin da duwatsu da yashi suka ɗauka. Tankin lita 300 yana iya zama ruwansa bai wuce lita 250 ba. Idan cikakken awon ya kama mililita 250, ana farawa da kashi ɗaya cikin huɗu, kusan mililita 60.

A jiƙa ƙwayoyin a ruwan osmos na kwana ɗaya domin su daina yawo a sama. A daidaita famfo yadda duka za su riƙa motsi a hankali kamar tafasar kunu. Idan juyin ya yi rauni za su dunƙule, idan ya yi ƙarfi zai kankare bakteriyar kafin su kama. A sa bakin fitar ruwan riyakta daf da mashigar na'urar kumfa. Idan akwai fitilar UV mai kashe ƙwayoyin cuta, a kashe ta na makonnin farko.

Daga nan sai haƙuri. Bakteriya suna ɗaukar mako biyu zuwa shida, wani lokaci takwas, kafin aikinsu ya bayyana a gwaji. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ga shiru a mako na biyu a cika riyakta, sai komai ya kama aiki a lokaci guda, nitiret ya faɗi ƙasa warwas cikin kwanaki. Sannu ba ta hana zuwa. A gwada ruwa sau biyu a mako, a rubuta sakamako a littafi, kada a ƙara wani kashin sai bayan mako biyu zuwa uku, kuma sai idan ma'aunin ya daina sauka. Da zarar an shiga ma'aunin da ake nema sai a tsaya, ko da ba a kai rabin abin da kwali ya ce ba.

Ƙwayoyin suna ƙanƙancewa yayin da ake cin su. Bayan kowane wata uku zuwa shida ana cika su zuwa alamar da aka yi a jikin riyakta, ba tare da zubar da tsofaffin ba, domin a jikinsu bakteriyar suke.

Alamomin da ke nuna an samu matsala

Ruwa ya yi fari kamar an ɗiga madara: bakteriya sun yi yawa a cikin tanki. Haɗarin shi ne suna shanye iskar oksijin, kifi su riƙa haki a saman ruwa, musamman da asuba. A ƙara iska nan take, a rage ƙwayoyin, a bar na'urar kumfa tana aiki.

Jar shimfiɗa a kan yashi: siyanobakteriya ce. Ko dai kabon yana tserewa zuwa tanki saboda na'urar kumfa ba ta kama abin da riyakta take fitarwa, ko kuma nitiret ya ƙare ya bar fosfet.

Murjani ya yi haske, namansa ya yi siriri: yunwa ce. A ƙara wa kifi abinci, a rage ƙwayoyi. Idan kan rassan Acropora ya soma fari kamar ya ƙone, a duba ma'aunin KH. A ruwa mai ƙarancin nitiret da fosfet an fi samun zaman lafiya idan KH yana tsakanin 7 zuwa 8.

Yauƙi ruwan ƙasa mai zare-zare da kumfar iska, wanda ke ɓacewa da dare ya dawo da rana: dinofilajelet ne, kuma yakan mamaye tankin da nitiret da fosfet suka kai sifili. Wasu nau'insa, kamar Ostreopsis, suna da guba da ke kashe dodon koɗi. Korarsa tana iya cin watanni, kuma ya fi gansakukar da aka gudu daga gare ta wahala.

Maganin kifi mai ɗauke da tagulla ko mai kashe bakteriya ba ya shiga tankin murjani. Kifin da ya kamu da cuta a tanki na daban ake yi masa magani.

Zafi da ɗaukewar wuta

A nan ne mai tanki a Yamai ko Injamena ko Garwa yake da abin lura fiye da na Turai. Tankin murjani yana son zafin digiri 24 zuwa 27, alhali a watannin Afrilu da Mayu zafin waɗannan birane yakan haura digiri 40, kuma a lokacin ne wuta ta fi yawan yankewa. Ruwan teku dama yana riƙe oksijin ƙasa da ruwan daɗi da kusan kashi ɗaya cikin biyar, kuma yana ƙara rasa shi yayin da yake ɗumama. Bakteriya kuwa zafi ƙara musu ci yake yi. Tanki mai biyopelet yana da bakuna masu shaƙar iska fiye da wanda ba shi da shi, don haka idan famfuna suka tsaya, iskarsa ta fi saurin ƙarewa.

Haɗari na biyu yana cikin riyaktar kanta. Idan ruwa ya tsaya a ciki, bakteriya suna cinye oksijin ɗin da ke wurin, sannan wasu nau'in su soma samar da iskar haidurojin salfaid, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda guba ce ga kifi da murjani. Idan wuta ta dawo babu kowa a gida, famfo zai tura wannan ruwa kai tsaye cikin tanki. Abin da ya fi aminci shi ne, idan tsayawar ta wuce awa ɗaya zuwa biyu, a cire riyakta, a zubar da ruwanta, a ɗauraye ƙwayoyin da ruwan gishiri, a shinshina, sannan a mayar da ita.

Saboda haka a irin waɗannan wurare batir da inbata, ko sola, suna gaba da biyopelet a jerin saye. Famfon riyakta, da na'urar kumfa, da famfo ɗaya mai motsa saman ruwa su ne ya kamata su kasance a kan wutar ajiya. Ƙaramin famfon iska mai batir shi ma yana ceton kifi. Wanda ba shi da wannan tanadi, ko wanda yake yawan tafiya ya bar tanki a hannun wanda bai san aikin ba, gara ya nemi wata hanya.

Sauran hanyoyi

Canjin ruwa shi ne mafi sauƙin fahimta, amma ƙarfinsa kaɗan ne. Canza kashi 10 cikin 100 yana saukar da nitiret daga 40 zuwa 36 kawai, kuma kowace lita 30 tana cin fiye da kilo ɗaya na gishirin da daga waje ake shigo da shi.

Ɗiga khal yana yin aiki irin na biyopelet, yana da arha, ana samun sa a kowace kasuwa, kuma ya kawar da damuwar wanda ba ya son ajiye barasa a gidansa. Ana iya rage shi ko a dakatar da shi a rana ɗaya, kuma babu riyaktar da za ta ruɓe idan wuta ta tafi. Nauyinsa shi ne sai an auna an zuba kullum, yana buƙatar na'urar kumfa shi ma, kuma yana cin oksijin.

Noman Chaetomorpha a tankin ƙasa mai fitila yana da jinkiri amma haɗarinsa kaɗan ne, yana ma ƙara oksijin lokacin da fitilar take kunne. Akwai kuma tsofaffin tsare-tsare guda biyu: tsarin Berlin na shekarun 1970, mai dogaro da duwatsu masu rai da na'urar kumfa, da tsarin Jean Jaubert, wanda ya taɓa shugabantar gidan adana halittun teku na Monako, mai amfani da yashi mai kauri a kan wani fili na ruwa domin bakteriyar da ba sa son iska su mayar da nitiret iskar naitirojin.

Biyopelet ya fi su duka dacewa da babban tanki mai kifi da yawa, wanda nitiret da fosfet ɗinsa suke sama tare, mai na'urar kumfa da ta fi ƙarfin tankin, da wutar da ba ta tsayawa. Kafin a biya kuɗinsa, a yi wata guda ana gwada ruwa ana rubutawa, a gwada ruwan da ake haɗa gishiri da shi, a duba yawan abincin da ake zubawa. Sau da yawa a nan ake gano inda dattin yake shigowa, kuma toshe wannan ƙofa ya fi sayen riyakta arha.